Rasuwar Injiniya Maurice Tebbutt da Batun Mota Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Cikin alhini da zullumin da har yanzu bai bar ɗayanmu ya zauna wuri guda ba, Hukumar Gudanarwa da ɗaukacin ma'aikatan Kamfanin Ƙera Motocin Tsere na Tebbutt da ke Brackley suna sanar da abokan hulɗa da sauran jama'a cewa mun samu labarin rasuwar maigidanmu, wanda ya kafa wannan kamfani ya kuma shugabance shi shekara arba'in da ɗaya, tsohon zakaran tsere har sau biyu, Uban Ƙungiyar Tsoffin Direbobin Tsere ta wannan gunduma, Injiniya Maurice Edwin Tebbutt, wanda Allah ya yi wa rasuwa da safiyar Talata a gidansa sakamakon bugun zuciya, yana da shekara saba'in da takwas. Ya riga ya ɗaura takalmi zai fito aiki.

Marigayin ya fara tsere yana ɗan shekara goma sha tara, da wata mota da ya harhaɗa daga tarkacen garejin mahaifinsa, ya kuma shafe shekara goma sha takwas yana gogayya da manyan direbobi a gida da ƙetare, har sunansa ya zama abin da ake tsorata sababbin shiga da shi. Ya ajiye tsere ne a shekarar da abokin tuƙinsa, marigayi Mista Colin Faulkner, ya rasu a cikin motar da shi Injiniya Tebbutt ya gyara da hannunsa, ya ce ta gama, alhali bai hau ta ya ji lafiyar birkinta ba. Bai sake shiga gasa ba. A wata tsohuwar rumfar jirage da ke gefen filin da sojojin sama suka bari ya buɗe wannan kamfani da kanikawa huɗu, ga shi yau mu tamanin da shida ne muke ci a ƙarƙashinsa.

Tun ranar farko ya kafa doka guda da duk wanda ya taɓa sayen mota a wurinmu ya sani: babu motar da za ta fita ƙofar kamfani sai ya shiga ta da kansa ya zagaya filin nan sau uku da cikakken gudu. Likitoci sun hana shi, masu inshora sun rubuto har sun gaji, mu ma mun yi magana, amma kamar ana zuga shi. A 'yan shekarun nan sai mutum biyu sun kama shi kafin ya iya fitowa daga mota, yana fitowa yana faɗa. In injiniyoyinmu suka kawo masa takardun awo suka ce komai daidai, sai ya ture su gefe ya ce, "Takarda ba ta da ƙashin da zai karye, ni ina da shi." Ba za mu ce mutum ne mai sauƙin sha'ani ba, domin babu wanda zai yarda da mu. Yakan mayar da mota a kwance ta gaba ɗaya saboda wani ƙara da babu kunnen da ya ji sai nasa, mu yi ta gunaguni, mu buɗe kuma mu tarar da abin a wurin. Motoci fiye da ɗari shida suka fita ta ƙofar nan, kuma babu direba ko ɗaya da ya rasa ransa saboda aikinmu.

Wajibi ne mu yi amfani da wannan sanarwa mu amsa tambayar da wayoyinmu suka yi ta ƙara a kanta tun ranar Talata, ko da yake mun san ba wurinta ba ne. Mota mai lamba goma sha huɗu, wadda muka ƙera wa direba Madam Rhiannon Pryce domin tseren ƙarshe na kakar gasar bana ranar Lahadi, inda maki biyu kacal suka raba ta da kambun zakara, an kammala ta da yammacin Litinin, kuma ita ce marigayin zai fito ya gwada a safiyar da ya rasu. Tana nan a tsakiyar rumfa, ba a zagaya da ita ba. Kwana biyu ma'aikata suna kai da kawowa a gefenta, shayi yana hucewa a kofuna, wasu suna cewa awo ya nuna lafiyarta ƙalau a loda ta kawai, wasu suna cewa ko inci ɗaya ba za ta motsa ba. Laifin kuwa namu ne, mu manyan kamfanin: shekara arba'in da ɗaya, babu wanda ya taɓa tambayar wa zai yi zagayen nan in babu shi.

Maiɗakin marigayin, Uwargida Hazel Tebbutt, ita ce ta raba gardamar, ranar Laraba da ta zo ɗaukar rigar aikinsa ta tarar da mu cirko-cirko. Ta ce, "Kai, ku ji min mutanen nan! Yaushe Maurice ya ce sai shi? Cewa ya yi wanda ya ce ta gama, shi ke fara shiga. To, wa ya ce ta gama?" Kowa ya juyo ya dube ni, babban injiniyan kamfanin, domin sa hannuna ne a kan takardar kammala motar.

A madadin Hukumar Gudanarwa da ma'aikata, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Uwargida Hazel Tebbutt, da 'ya'yansu Dakta Philippa Tebbutt da Mista Adrian Tebbutt, da jikoki biyar, da iyalan marigayi Mista Faulkner waɗanda bai taɓa barin shekara ta zagayo bai je ya gaishe su ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya ba iyalansa haƙuri da ƙarfin zuciyar jure wannan babban rashi. Za a yi jana'iza ranar Alhamis ta makon gobe da ƙarfe sha ɗaya na safe a majami'ar ƙauyensu, kuma iyalan sun roƙi kada a kawo furanni.

Game da motar kuwa, kamfani yana sanar da cewa ranar Juma'a da ƙarfe takwas na safe, ni da sunana ke ƙasan wannan takarda zan shiga ta in yi zagaye uku. In na ji abin da hankalina bai kwanta da shi ba, ba za ta je tseren Lahadi ba, kuma Madam Pryce ta amince da haka, ko da zai zama asarar kambun da ta yi shekara bakwai tana nema. Daga yau wannan ita ce dokar kamfani ga duk wanda ya sa hannu a kan mota. Shekarata sittin da huɗu, rabona da gudu irin wannan tun ina saurayi, kuma ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji. Ranar Litinin ko minti ɗaya ban ɓata ba wajen sa hannu cewa motar ta gama. Tun ranar Laraba na kwance ƙafafunta huɗu na sake ɗaurawa, na bi birkinta sau biyu, kuma har yanzu ban gama dubawa ba.

Sa hannu:
Injiniya Derek Sharman
Babban Injiniya kuma Kakakin Hukumar Gudanarwa
Kamfanin Ƙera Motocin Tsere na Tebbutt, Brackley