Katin da Zai Mai da Ni Gida

Batsari, 6 ga Oktoba

Maman Ramlat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya gida, ya ƙafar Inna, ya haƙuri da mu? Tunda an katse layin waya a yankin nan, sai ta hannun Muntaka direba za ki riƙa ji daga gare ni.

Albishirinki, katin nan ya iso. Kin san aikina kula da babbar kwamfutar ofishinmu ne, mai riƙe da sunayen waɗanda suka gudo daga Ruma da Zakka. Jikinta ɗaya, amma kwamfutoci huɗu ke aiki a cikinta, duk ta ƙofa ɗaya suke fita. Katin sabuwar ƙofa ce da zan haɗa da farantin intanet da aka kafa kan rufi. Injiniya Mannir, shugabanmu, ya ce in ya yi aiki, daga can wurinku Katsina ma ana iya kula da ita. Kin gane ai. Wata bakwai ina cin tuwo ni kaɗai, abokin hirata fankar na'ura. Wallahi na gaji, Hassana.

Ki shafa mini kan Ramlat.

Naki,
Sagiru

Batsari, 13 ga Oktoba

Maman Ramlat,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. An gama, amma na sha wuya. Bayan Azahar na kashe kwamfutar, na cire murfi, na soka katin. Da na kunna, shiru. Ashe da ta ga baƙo sai ta sauya wa ƙofofinta lamba, ta ɗaya ta koma ta biyu, kwamfutocin huɗu suka ɓata hanya. Ga mata a layi cikin rana suna jiran a duba sunayensu. Na durƙusa gabanta ina gumi, na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ina gyara musu hanya, kafin La'asar koriyar fitila ta kama.

Kin san ni da rahoto, ba na ɓoye komai. Har na rubuta cewa irin wannan matsala ba ta gyaruwa daga nesa.

Ki tanadi daddawa, ina tafe.

Naki,
Sagiru

Batsari, 27 ga Oktoba

Hassana,

Ina gaisuwa. Allah ya sa Inna ta ji sauƙi.

Amsa ta zo. Injiniya ya yaba rahotona ƙwarai. Ya ce tunda ni da alƙalamina na nuna wata matsalar sai da hannu, dole mutum ya zauna kusa da na'urar. Yusha'u, wanda aka ɗauka bara, shi zai kula da ita daga Katsina. Ni zan zauna.

Ban yi ƙarya ba, amma raina ya ɓaci, da kaina nake fushi.

Kullum da safe rubutun Yusha'u kan fito a gabana a fuskar kwamfuta: "Sagiru, kana nan?" In ce ina nan. Na roƙe shi ya riƙa biyowa ta ƙofar gidanmu. Idan ya zo, ki aika masa da saƙo, zai rubuto mini ta ƙofar da na buɗe. Ki fara gaya masa ko Ramlat ta soma tafiya.

Mijinki,
Sagiru