Ƙwayoyi a Gwangwanin Maɓallai

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa tabon aikin nan ya daina damunka. Mama tana nan da sauƙi, sai ciwon gwiwar da ka sani. Ni kuwa na gaji, Yaya, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Maganar Auta ce, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka san tun da aka dasa masa ƙodarka likita ya ɗora shi a kan maganin da ke hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda, safe da yamma, har iya rayuwa. To, maganin ya zo da nasa. Dasashinsa ya kumbura, yana ta hawa kan haƙora har ya kusa rufe na gaba, in ya goge baki sai jini. Yawu kuma ya ƙafe. Telan da ya shekara goma sha biyar yana lasar bakin zare ya zura a allura ko dubawa ba ya yi, yanzu sai ya ajiye kofin ruwa a gefen keke yana tsoma yatsa. Auta sarkin dariya, yau da hannu a baki yake yi wa masu kawo ɗinki magana. Ƙaramar 'yarsa ma ta ce bakin Baba yana ba ta tsoro. Yarinya ce, amma maganar ta zauna masa.

Ranar Talata maɓallin rigar Mama ya cire, na leƙa shagonsa in samo wani. Ya fita, sai na juye gwangwanin maɓallansa a kan tebur. A cikin fararen maɓallai na tsinci ƙwayoyin maganin, guda ashirin da biyu. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Kullum a gabana yake kai hannu baki ya kurɓi ruwa, ashe ƙwayar tana tafin hannunsa. Da ya dawo bai musa ba. Ya ce so yake bakinsa ya saɓe ko na mako biyu ne, kuma ya kasa zubar da su saboda ya san abin da ka bayar. Na ce masa garin neman gira zai rasa ido, sannan na zauna a kan buhun ƙyallaye na yi kukana.

Washegari na ja shi asibiti. Gwajin jini ya nuna ƙodar ta fara jigata, amma likita ya ce ba a makara ba. Ya ce da Auta ya yi magana tun farko, da an duba yiwuwar sauya maganin, likitan haƙori kuma ya rage naman. Ranar Litinin za mu koma.

Yanzu yana sha, sai dai ni ba zan iya gadin bakin magidanci har abada ba. Kunyarka ce ta sa ba ya ɗaukar wayarka. Ka kira tawa ranar Lahadi da hantsi, zan miƙa masa. Don Allah kada ka yi masa faɗa, na riga na yi na mu biyu. Ranar da ka ba shi ƙodar ba ka nemi komai a wurinsa ba. Yanzu ka nema, ka roƙe shi ya riƙe maka ita.

Ka gaishe min da Anti, da Babban Yaro, da takwarar Mama. Mama tana sa muku albarka. Ba ta san komai ba, kada ka bari ta ji a muryarka.

Taka har kullum,
Ƙanwarka