Jandarma Yana Son Littattafaina

Garwa, daren Laraba, tsakiyar damina

Barci ya ƙi zuwa. Da la'asar wani jandarma ya tsaya ƙofar garejina ya ce, "Malam Sule, an ce kana tara littattafan soja. Gobe ka kawo su ofis." Bai faɗi dalili ba.

Shekara da shekaru nake tsinto su wurin 'yan gwanjo, littattafan gyaran katafila da sojojin Faransa suka bari. Ko hoton bindiga babu a ciki. Mai ɗakina ta ce in ƙone su. Amma na ji katafilar hanyar Poli ta lalace, wataƙila shi ne dalili.

Na ɗaure sauran. Wanda ya dace da katafilar na cusa shi cikin buhun dawa. In gyara suke nema, dole su bar ni in dawo gida in ɗauko.