Gaisuwar Baba Alhaji

Madawa, daren Laraba.

Barci ya ƙiya. Da na rufe ido sai in ga ɗigon jiragen nan biyu bisa ekiran, allon na'ura, suna nufar juna.

Yau kwana shida ke nan. Ina cikin hasumiyar filin jirgin sama, bisa kujerar koyon ba jirage hanya, na ba wani jirgi izinin saukowa, sai ga Baba Alhaji, abokin mahaifina na Keita mai gyaran na'urorin hasumiya. Na tuɓe abin kunne, na juya na durƙusa: ina gajiya, ina mutan gida. Ashe akwai wani jirgin ƙarƙashin wanda na ba izinin, cike da mutane. Malamata ta fizge mikro ta yi magana da matuƙan, ta raba jiragen. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Tashi ka tai gida ka huta."

Ɗazu Inna ta kawo mini tuwo tana murna. Wai Baba Alhaji ya kira ta, ya ce ɗanta bai yada ladabi ba, ko bakin aiki.

"Ka hisshe ni kunya," in ji ta.

Tuwon na nan, ban taɓa ba. Wani jirgi ya wuce yanzu. Ban ja numfashi ba sai da ƙararsa ta ɓace.