Hoton Baba a Bakin Rijiya

Makoda, Jihar Kano

Zuwa ga ƙanena Khalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, gero ya shigo rumbu, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har tana zuwa barka da kanta.

Dalilin wannan takarda, ranar Laraba wani baƙo mai suna Kamaruddeen ya sauka gidanmu. Ya ce daga wata cibiyar tarihi yake a Kano, suna tattara tsofaffin hotuna don jikoki su ga yadda ƙasar nan take a da. Ya nuna mini wasu a wayarsa, dalar gyaɗa da tashar jirgin ƙasa da kasuwannin da, kuma gaskiya sun burge ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ya rako shi: Tasi'u maƙwabcinmu, wanda yanzu yake dillancin filaye a Bacirawa. Yaushe Tasi'u ya fara son tarihi? Mutumin da ko sunan kakansa sai an tuna masa!

Na buɗe musu akwatin Baba. Hotuna goma sha ɗaya ne, amma Tasi'u bai ɗora yatsa a kan ko ɗaya ba sai wanda Baba yake tsaye a bakin rijiyar gona ranar cirar gyaɗa. Ka tuna shi, gambar iyaka tana bayan rijiyar, ga ɗorawa a gefe. Gambar nan an tumɓuke ta shekara uku da suka wuce, kuma tun lokacin su Tasi'u suke cewa rijiyar a cikin gonarsu take. Dattawan da suka san iyakar duk sun rasu, hoton nan kaɗai ya rage mana. Baƙon ya ce zai tafi da shi Kano na mako guda. Na ce ya ɗauka da wayarsa a gabana, sai Tasi'u ya yi caraf ya ce ai sai da babbar na'ura.

Wataƙila shi baƙon da zuciya ɗaya ya zo, Allah Ya yafe mini idan na zalunce shi. Amma hankalina bai kwanta ba, don haka ban ba su hoton ba, na ce sai na yi shawara. Sun ce za su dawo Talata, zan kuma buɗe musu akwatin su zaɓa a cikin goman. Na goma sha ɗayan yana cikin ambulan ɗin nan, Muntaka direba zai ba ka hannu da hannu. Kada ka lanƙwasa shi. Sai da na yi kuka da nake saka shi, don shekara arba'in fuskar Baba ba ta taɓa barin gidan nan ba.

Ka gaida Aina'u da su Fatihu. Inna tana sa muku albarka.

Yayarka,
Barira