Takardar da Ka Ba Ni In Karanta

Zuwa ga Likita Garba na Sharabi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Kana da rai ma in ka ga rubutuna tsaki kake yi, ka ce hannuna ya fi na likitoci muni. Amma ba ni da wanda zan gaya wa, kuma na gaji da magana ni kaɗai a zaure.

Gida lafiya. Hajiya Balki ta fita takaba makon jiya. Ruwa ya sake cinye shinkafar fadama. An rufe ɗakin ƙofar gida inda kake duba marasa lafiya, amma ranar kasuwar Lolo har yanzu Dandawan bakin iyaka suna zuwa da yara a goye, su tsaya a bakin ƙofar, sai wani ya gaya musu. Tsofaffinsu suna cewa kai ne likitan farko da ya tambaye su inda ke ciwo da Dandanci, ba tafinta.

Ka tuna ni ne na ɗaya a ajinmu? Kai kana can na biyar ko na shida, ɗan masunci mai ƙarnin kifi. Ni na tafi na karanta Faransanci, na dawo da kwat da girman kai. Kai ka karanta likitanci, abokanka suka watse Legas da Turai, ka dawo Bagudo. Na ce maka wawa a gaban mutane. Ka yi fiye da shekara hamsin kana bin ƙauyuka a babur da kwalekwale, ka raini 'ya'ya tara da mace ɗaya, kullum da safe kuna shan koko a tabarma guda. Ni me na tara? Na koyar da yaran da ba su so, na yi faɗa da kowane shugaban makaranta, aka sallame ni. Sunan da ya rage mini shi ne Mushe, yadda mutanen tsallaken iyaka ke kiran malami da Faransanci. Kai ne kullum kake tuna mini abin da kalmar ke nufi da Hausa. Na yi maka hassada, Garba. Duk tsawon shekarun nan. Ban taɓa faɗa ba.

Abu ɗaya ya hana ni zama mushen gaske. Duk wanda ya dawo daga Benin da takardar asibiti ko ta kwastan, wurina yake kawowa in karanta. Da wannan nake ɗaga kai a garin nan.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bara da ka fara ramewa, ba ka je Birnin Kebbi ba, inda rabin ma'aikatan asibiti yaranka ne. Ka tsallaka iyaka ka yi gwaji inda ba a san iyalinka ba, ka dawo da sakamako da Faransanci. Ka aika aka kira ni bayan la'asar. Hajiya tana zaune tana gyaran wake. Ka ce ka manta inda ka ajiye tabarau, alhali ina ganinsa a aljihun rigarka. Ka miƙo mini takardar, ka dube ni.

Kalmomi biyu ne a wannan harshe. Malin shi ne mugun ƙari mai yaɗuwa. Bénin shi ne marar cutarwa, ana rubuta shi daidai da sunan ƙasar maƙwabtanmu. Takardarka mugun ta ce. Na buɗe baki na ce bénin. Ka yi dariya, ka ce wa Hajiya ashe ciwon ma ɗan tsallake ne, zai koma gida da kansa. Ta yi hamdala ta ci gaba da wakenta.

Me ya sa ka zaɓe ni? Na daɗe ina tunani. Duk Bagudo an san ban taɓa gaya wa kowa magana mai daɗi ba. In Mushe ya ce lafiya, to lafiya ce. Ka yi amfani da mugun halina kamar yadda kake amfani da almakashi. Ka sami wata bakwai a gidanka, ka ga sunan jikanka, ba wanda ya ja ka zuwa gadon asibiti.

Ba ka yi tunanin Hadiza ba. Ɗiyarka ta fari, nas, mai irin taurin kanka. Bayan rasuwarka ta sami takardar a akwatinka, ta haska ta da waya, wayar ta fassara mata. Ta zo zaurena ba ta zauna ba. Ta ce, Baba Mushe, ko dai babanmu ya ɓoye mana, ko kai ka yi kuskure, kuma Inna tana jiran amsa. Na san abin da amsar farko za ta yi wa Hajiya. Shekara hamsin da 'yan kai tana alfaharin ba ka taɓa ɓoye mata komai ba.

Na ce kuskurena ne. Na ce Faransancina ya yi tsatsa, ido ya tsufa, na rikita kalmomin biyu.

Kafin Juma'a labari ya kai har garin Dole Kaina. Yanzu ba wanda ke kawo mini takarda. Jiya wani mai kifi ya wuce ta gabana da tasa takardar a hannu, ya gaishe ni da ladabi, ya ci gaba da tafiya. Hadiza ba ta gaishe ni. Hajiya kuwa ta aiko mini da tuwo, ta ce a gaya mini ta yafe, kowa yana kuskure, kuma ta san da ka sani da ka gaya mata.

Na ci tuwon. Ka bar ni da abin da ya fi ƙarfina, Garba, amma na riƙe. Ban yi kuskure ba, kai kaɗai ka sani, kai kuma ba ka nan.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Ni ma na kusa.

Na ɗaya a ajinku,
Mushe