Tarin Yaya Salisu ya dawo

Daren Laraba, unguwar Maamobi.

Tarin fukan Yaya Salisu ya dawo, wata biyu bayan Mma ta raba koko da ƙosai sadakar warkewarsa. Yau ta tare ni a ƙofa: "Kai mai karatu, ina ciwon ya ɓuya?"

Na san amsar. Cutar tana shigewa cikin ƙwayoyin da ke tsaron jiki, inda magani ba ya isa sosai. A jami'a muna gwada naɗe maganin cikin ɗigon kitse domin ya kutsa can. Na faɗa mata.

Ta ce, "To, kawo masa mana."

"A kan ɓeraye muke tukuna, Mma."

Ta ɗauki butarta. Gobe zan raka Yaya Salisu asibiti. Iyakar karatuna ke nan.